Gwaggo da Nonon Dapango

Kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: in akwai wawa a cikin wannan labari, to ni ne. Na faɗi haka ne don mutanen Zango su huta da nuna ni da leɓe. Amma ba don kaina na ɗauki alƙalami ba. Gwaggo ce ta rasu, yayar mahaifina, wadda ta daɗe a duniya har mutanen Sokode suka manta cewa ita ma mai tafiya ce. Allah ya jiƙanta, ya sa can ta fi mata nan.

Da hantsi ta cika, kafin la'asar mun kai ta makwancinta. Da na dawo na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, sai kunnena ya riƙa jin abin da ba a saba ji a gidan makoki ba. Sarkin fawa, ƙaton mutum mai wuya kamar na bijimi, ya durƙusa yana kuka da majina, yana cewa uwarsa ta mutu. Matan Kotokoli, 'yan asalin garin, daga unguwar Didawure suka shigo a jere, kowace da ƙwaryar hatsi a ka, su ma wai uwarsu ta mutu. Wata Bafulatana mai tallan nono ta ajiye ƙwaryarta a ƙofar gida ta ƙi sayar wa kowa, ta ce yau ba ranar ciniki ba ce. Duk wannan a kan matar da ta yi aure uku ba ta bar ɗa ko ɗaya na cikinta ba.

Sai ga wani direban kamyo, wato babbar motar kaya, ya yi gaisuwa, ya share ido, ya ce, "Allah ya jiƙan Gwaggo. Amma gaskiya ta hana ni mata uku a garin nan."

Liman ya so ya ɓata rai, dariya ta ci ƙarfinsa. Zauren duka ya ɗauka. Ni ma na yi, ina yi hawaye na zuba.

Baƙo ba zai gane wannan magana ba sai an yi masa bayani. Gwaggo daddawa take sayarwa, wannan ita ce sana'arta ta ci da sha. Amma aikin da aka san ta da shi daban ne. Duk inda mace ta rasu wajen haihuwa, ko nononta ya ƙafe, ko zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin a gama jajantawa Gwaggo ta iso. Ba ta tambayar kowa. Sai ta ɗauki jaririn ta goya, ta ɗauki sandarta, ta shiga gari. Ta san duk mai jego daga Zango har Didawure, ta san wadda ke cin abinci da kyau da wadda mijinta ke rowa. Takan shiga tsakar gida sannan ta yi sallama.

"Ke, wannan nono ya fi ƙarfin ɗanki. Ga mai taya shi."

Ba ruwanta da ko Bahausa ce, ko Bayarba, ko 'yar Kabiye da ta zo ci-rani. In yaro ya ƙoshi ya saki, sai ta tsaya a tsakiyar gida ta ɗaga murya yadda maigida zai ji daga zaure: "Ku shaida! Ɗan gidan wane ya sha a nan!" Daga ranar ta riƙe shi a ka, ba ta sake saki. Abin da ta ci jiya takan manta, amma wanda ya sha nonon wance shekarar da aka yi fara, wannan ko a barci ka tashe ta.

Shi ya sa ba a kai goron neman aure a Zango sai an biya ta wurinta. Wanda ya yi gaban kansa kuma ya sha kunya. Na tuna auren 'yar wani attajirin goro da ɗan maƙeri. An yi lalle, an jiƙa shinkafa, makaɗa sun karɓi na goro. Sai ga Gwaggo da sanda a tsakar gidan amarya.

"Wannan aure babu shi."

Uwar amarya ta yi tsalle ta dire. "Gwaggo, da me muka tare miki?"

"Ba ku tare mini komai ba. Lokacin da ƙirjinki ya kumbura kika kwana kina ihu, wa ya shayar da yarinyar nan? Ni na goya ta na kai wa matar maƙeri. Yaya da ƙanwa za ku haɗa a ɗaki?"

Aka fasa. Uwar amaryar nan ta yi shekaru in ta hango Gwaggo sai ta canza hanya. Ranar rasuwar Gwaggo, ita ce ta fi kowa kuka, har sai da aka riƙe ta. Samari kuwa sun daɗe suna cewa in Gwaggo ta ƙara shekara goma, aure zai gagara a Sokode, kowa ya zama ɗan'uwan kowa.

Maganarta ɗaya ce, tun ina yaro nake jin ta: "Jini tilas ne, nono kyauta ne." Na ɗauka karin maganar tsofaffi ce kawai, irin wadda ake faɗa a tofar da goro. Akwai kuma wata ɗabi'a tata da muke yi wa dariya. In kaji suka shiga mata shanya, ba da Hausa take zaginsu ba, ba kuma da Kotokoli ba. Wani yare ne daban mai fitowa ta hanci. Muna yara mun yanke cewa yaren kaji ne, Allah ya sanar da ita.

To, yanzu ni. Sunan kakana aka sa mini, wato mahaifinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Babana" take ce mini, ko da za ta zage ni. Na ɗan taɓa makarantar Jamus. Na iya ƙirga da Jamusanci har ɗari, kuma ina jin ranar da na kai ɗarin ce Jamus suka tattara kayansu suka bar ƙasar. Faransa suka zo, ilmina ya koma kamar kuɗin wuri, ga shi da yawa a jaka amma ba mai karɓa. Na tsinci Faransanci a bakin kanti, na sami aikin awon gyaɗa, na sayi tabarau ba don idona na ciwo ba. Zango suka sa mini Akawu. Gwaggo ta ce Rabin Akawu, wai kada a ci amanar masu cikakken.

Ina da wani aboki maɗinki, Bagobiri, fuskarsa cike da zane tun daga baki har kunne. Aminina ne, kuma ban taɓa samun maƙiyi kamarsa ba. Kullum a majalisa sai ya shafa kumatunsa ya ce, "Ni asalina a fuskata yake, ko makaho ya shafa ya karanta. Kai fa, Akawu? Fuska kamar bayan ƙwarya. Ubanka ma haka ya tafi."

Nakan ce, "Mu Kanawan birni ne. Kakana madugu ne, da doki ya shigo Gwanja."

"Wa ya gani?"

Wannan "wa ya gani" ita ta hana ni sukuni. Abin da muka tashi muna ji a gida ke nan, kakanmu madugu ne daga Kano, amma ba mai iya ƙara kalma ɗaya a kai. Mahaifina mutum ne mai shiru, ɗan kasuwa mai mutunci, in an tayar da zancen sai ya tashi alwala. Ranar da ya rasu ina cikin masu yi masa wanka, na ga wasu ƙananan tsage guda uku a gefen cibiyarsa. Na ce a raina maganin ciwon ciki ne na yara, na wuce.

Sai na ɗaura aniyar binciko asalinmu. Wani mushe na lakwal, wato malamin makarantar boko, ya nuna mini yadda Turawa ke zana zuriya kamar itace, kaka a gindi, jikoki a rassa. Na sayi babbar takarda. Na bi tsofaffin Zango ɗaya bayan ɗaya, ina ba su goro suna ba ni abin da suka ga dama. A hankali hanyar ta fito, amma da baya da baya. Kafin Sokode gidanmu a Pagala yake. Kafin Pagala, Kete. Kafin Kete, Salaga, har zuwa lokacin da garin ya watse kowa ya kama gabansa. Na hau kamyo zuwa Bilita, na shiga jirgin ƙasa na sauka Pagala, don an ce a can kakana ya rasu. Ina tafe ina hango kabari mai shafen farar ƙasa, irin na manya.

Wani tsoho mai ɗaurin huhun goro na samu, ya ce ya san shi. "Gajere ne, baƙi. Yakan yi hira da jakuna kamar mutane." Ban rubuta wannan ba, na ɗauka tsufa ne. Na ce ya kai ni kabarin. Ya kai ni bayan gari, ya tsaya ya dubi gabas ya dubi yamma, ya nuna da haɓa. Kunyoyin doya ne a wurin, har inda ido ya tsaya.

Na dawo gida na zana itacena duk da haka. Madugu a gindi da manyan baƙaƙe. Na kai wa Gwaggo tana zaune tana dunƙula daddawa. Ta karɓa a juye, ta daɗe tana kallo.

"Babana, ina matan?"

"Ba a sa mata, Gwaggo. Haka tsarin yake."

"Au. Mazan ne suka haifi juna?"

Na ce ta bar wasa ta ba ni labarin ayarin kakana. Ta ce jakuna arba'in ne. Washegari na sake tambaya, ta ce sun fi ɗari. Na ce, "Duk nasa?" Ta ce, "Duk na masu su." Na tambayi mahaifiyarsu ita da ubana, ta ce ta rasu a hanya. A wace hanya? Ta ce hanya ai hanya ce. Na fita ina ƙunƙuni cewa ba a bincike da mata.

Akwai abin da Gwaggo ke yi duk rani, wanda bai taɓa damun kowa ba. Takan ɗaure kaya, goro da gishiri da manja da baƙin zane, ta tafi Arewa, can Dapango. Bayan wata guda ta dawo da daddawa da kwandon zabi. Mun ɗauka saro ne. A shekarar da nake wannan haukan gwiwoyinta suka ƙi. Na same ta zaune gaban kayan, an ɗaure, ba mai ɗauka. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ran nan.

"Ubanka ya daina zuwa tun da ya fara naɗa rawani," in ji ta. "Ni kuma ga ƙafa. In rani biyu ya wuce ba a je ba, hanya ta mutu. In ta mutu ba mai tashe ta."

Ban gane wace hanya ba, kuma ban tambaya ba. Sai ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Kai da kake neman asali. A can aka san kakanka fiye da ko'ina."

Kun ga yadda ake kama wawa. Washegari ina kan kamyo, farar riga, jar dara, tabarau, da kayan Gwaggo a kan cinya. Muka haura duwatsun Kabiye, muka ƙetare kogi a Mango, ƙasa ta buɗe ta yi fili, sai kuka da ɗorawa. A kasuwar Dapango ina neman wanda zai kai ni wurin sarkin Zango, don na tabbata a can za a buɗe mini tarihin madugu, sai wata mai daddawa ta dubi ƙullin kayan ta ce, "Wannan ɗaurin tsohuwa ne. Ba ta zo ba? Lafiya dai?" Ta nuna mini wata 'yar hanya da ta fita gari ta nufi gindin dutse.

Gidan ƙabilar Moba ne, na manoma, ɗakuna zagaye da rumbuna, ƙofar sai ka sunkuya. Darata ta faɗi tun a bakin shiga. Aka fito aka kewaye ni. Da suka ga kayan ba su ga mai kayan ba, wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka za ta fasa kuka, na yi ta nuna gwiwa ina cewa ƙafa ce, ƙafa ce kawai. Sai na ji ta juya tana korar kaji daga bakin rumbu. Yaren kajin Gwaggo ne, kalma da kalma.

Aka kawo wani makaho, sa'an mahaifina. Ya shafa fuskata, ya cire tabarau ya miƙa wa na kusa, ya kama kunnuwana ya ja. Ya yi magana, kowa ya yi dariya. Ƙanensa ne ya fassara mini, wani dogo mai tukunyar taba, wanda ya taɓa yin dako a Mango ya iya Hausar kasuwa, irin wadda mace da namiji duk "ya" ne.

"Ya ce kunnen ɗan'uwansa ne. Ya ce ubanka ma haka, kamar na jemage."

Zafi ake yi, mazan gidan ba riga. Na dubi cikin makahon, na dubi na Dogon, na dubi na samarin da ke tsaye. Tsage uku a gefen cibiya, kowa da kowa.

Muka zauna a inuwar rumbu, Dogon ya cika tukunyarsa ya ba ni labarin kamar yadda uwarsu ta ba su. Wani ayarin Hausawa ya sauka a bakin tafkinsu kan hanyar Gwanja. Wata mata a cikin ayarin ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, ta rasu. Madugu ya ce ayari ba ya jiran kowa.

Na gyara zama. "Madugun shi ne kakana."

"A'a. Madugu yana kan doki. Kakanka yana bayan jaki da sanda."

Ya ce matar da ta rasu ta kakana ce, shi ya zo ƙofar nan da na sunkuya, jariri a hannu ya yi kuka har murya ta mutu, ga 'yar yarinya riƙe da gefen rigarsa. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa. Uwarsu tana jegon wannan makahon. Ta fito ta duba, ta miƙa hannu. Shi ke nan, ba a yi wata magana ba.

"Dama na ɗansa, hagu na baƙo," in ji Dogon, ya dafa ƙirjinsa gefe da gefe.

Aka bar yarinyar ma, don ta yi raino. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, har suka fid da rai. Yaron ya yi wayo, yarinyar ta kusa manta Hausa. Sai ga mai jakuna ya dawo, da gishiri da zane baƙi. Ranar tafiya yarinyar ta rungume gindin rumbu sai da aka ɓanɓare ta. Uwar kuwa ta sa aka yi wa yaron tsagen gidan, wai in duniya ta ɓatar da shi a gane nata ne.

Dogon ya miƙe ya ce in biyo shi. Muka shiga gonar gero, an girbe, sai karare. A tsakiyar gonar akwai wani wuri kamar shimfiɗar tabarma, an kewaye da duwatsu, ba alamar kunya a kai.

"Uwar ubanka. Mun ga yadda mutanenku suka kwantar da shi, fuska gabas. Ba mu san addu'arku ba. Sai muka bar wurin ya huta."

Ya ce fartanya ba ta taɓa taɓa wurin ba, har shekarar da fara ta cinye komai suka ci ganye. Na tuna doyar Pagala. Na ɗaga hannu zan yi addu'a, ni da nake gyara wa ladan karatu, bakina ya kasa haɗa Fatiha sai da na sake daga farko.

Da na dawo Sokode na zube gaban Gwaggo da labari cike da baki. Ba ta bar ni na fara ba. "Makahon yana tari har yanzu? Sun gyara rufin ɗakin uwa? Goron bai bushe ba?" Da na amsa duka, ta kwance daddawar ta sansana, ta rufe ido. Ta daɗe a haka.

Yanzu mai hankali zai ce daga nan Akawu ya shiryu. Ina! Da na je majalisa Bagobiri ya ce, "To, wa ya gani?" sai na ce na gano gidan da kakanmu ya saba sauka, mutanen kirki ne, suna girmama mu ƙwarai. Madugu ya ci gaba da zama a kan dokinsa a takardata. Duk rani kuma ni ke ɗaukar kayan. Na ci zabinsu har na san na wace gona ya fi mai. Makahon ya rasu na je na zauna makoki. A can "ɗanmu" suke ce mini, in amsa da daɗin rai. A nan kuwa in an tambaye ni, sai in ce masu masaukinmu ne. Furfura ta fito mini a kan wannan hali.

Gwaggo ta sani sarai. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Sau ɗaya dai ina ɗaure kaya ta ce, "Babana, ƙafarka ta fi bakinka kirki."

Da ciwon ajali ya kama ta, ta sa aka kira ni. Ta rame ta koma kamar yarinya. Ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba.

"Za su zo. In sun zo, ba su za su yi gaisuwa ba. Su za a yi wa. Ka ji ni?"

Na ce na ji. A raina na ce Dapango da nisa, ga tsufa, ga damina ta kusa. Na aika da saƙo ta hannun direba don in sauke nauyi, na koma harkar jana'iza.

Ba zan ɓoye ba, a cikin baƙin cikin akwai wani ɗan abu da ya yi mini daɗi. Da Gwaggo ta tafi, ni na zama babban gida. Aka shimfiɗa mini buzu a kan tabarma, aka jingina mini matashi. Duk wanda ya shigo, gabana yake fara durƙusawa. Na koyi yadda ake amsa gaisuwa da ƙasan maƙogwaro, na koyi gyaɗa kai a hankali. Matata ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin na zauna wuri ɗaya haka ba.

Bari in yi addu'ata tun yanzu, don bayan abin da zan faɗa ba ni da sauran baki. Allah ka jiƙan Gwaggo, ka shayar da ita kamar yadda ta nema wa marayu. Ka jiƙan wadda ke kwance a gonar gero, da gajeren mutumin da ke ƙarƙashin doya. Wadda ta miƙa hannu a ƙofar gida ba ta tambayi komai ba, kai ka san ta, mu ba mu ko riƙe sunanta ba. Ka saka mata.

Ranar sadakar bakwai zaure ya cika har waje. Malamai sun fara karatu ke nan, sai ga su tafe daga tasha. Dogon ne a gaba, yanzu ya ranƙwafa, da sanda da tukunyar tabarsa. Bayansa 'ya'yansa maza, da mata ɗauke da gero da kwandon zabi. Matan suka wuce cikin gida kai tsaye kamar masu sanin hanya. Mazan suka tsaya a bakin tabarma, daidai inda masu gaisuwa ke durƙusawa. Ba su durƙusa ba. Suna kallona.

Karatu ya yi ƙasa. Aka fara raɗe-raɗi. Bagobiri, wanda tsufa ya cinye masa haƙora bai taɓa harshen ba, ya matso kunnena ya yi raɗar da ake ji har bakin titi:

"Akawu, waɗannan kuma daga wace unguwar Kano?"

Da na yi shiru na ɗan lokaci kaɗan, da sun durƙusa sun gaishe ni don kunya, an ba su goro, sun koma. Kuma na sani ba za su sake dawowa ba, ni ma ba zan iya sake sunkuyawa a ƙofar nan ba. Na ji hannun Gwaggo a wuyan hannuna. Na miƙe.

Na faɗi komai. Na ce kakana ba madugu ba ne, mai koran jakunan mutane ne. Na faɗi tafkin, na faɗi ƙofar, na faɗi dama da hagu. Na faɗi tsagen da na gani a jikin mahaifina, da wurin da ba a nomawa. Liman ya gyara murya ya ce a shari'a nono ba ya kawo gado, amma zumuncinsa na jini ne, wanda ya sha nono ɗaya da ubanka, shi da ƙannensa iyayenka ne. Sarkin fawa ya ce, "Ashe shi ya sa Gwaggo ta yi ta yawo da jariran mutane." Bagobiri kuwa ya dube ni, ya dubi Dogon, ya ja jiki da ƙyar ya durƙusa a gabansa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan yayarku." Shi ya fara. Ban taɓa son mutumin nan kamar ran nan ba.

Da na tsaya a nan, da na fita da mutuncina. Amma na ji daɗin bakina. Na ga idanu a kaina, na ga ana gyaɗa kai. Sai na aika aka ɗauko mini takardar nan, na warware ta a gaban jama'a, na sa tabarau. Na ce daga yau, ni a matsayina na babban wannan gida, na karɓi mutanen Dapango cikin zuriyarmu, kuma da hannuna zan zana musu reshe, babba ma, a nan gefen dama. Na koma na zauna a kan buzuna, na jingina da matashi, na nuna musu ƙarshen tabarma da hannu irin na manya.

"Bismilla, ku zauna can."

Dogon bai motsa ba. Ya cire tukunyar taba daga baki, ya dubi takardar, ya dube ni tun daga dara har ƙafa.

"Ranar da uwata ya ba ubanka nono, bai ce a kawo takarda ba. Naɗe itacenka. Kuma tashi daga kan fatar nan, yaro. Ƙanen ubanka yana tsaye, kai kana jingine?"